Karan Dawa a Kujerar Baya

Dillalin motoci ya zaci inji mai saye zai fara dubawa. Sai manomin nan na Lambara ya buɗe ƙofar baya, ya shimfiɗa karan dawa bisa kujera. Karan bai shiga ba. Haka ya riƙa bin motoci na hannu da suka cika filin, yana gwadawa.

Dillali ya ɗauka rashi aka yi, don da irin karan nan ake awon kabari. Ya sassauta murya: "Allah shi jiƙan rai, Malam. Yaushe anka yi rashin?"

A mota ta gaba karan ya kwanta ɗas. Manomin ya yi murmushi.

"Inna na nan da ranta. Zama bisa babur ya gagare ta. Tsawonta na auno da karan ga. So nike ta miƙe ƙafa har asibitin Sakkwato."