Gwangwanin Maɓallan Baba

Da ma'aikaciyar jinya ta ga harshen tsohon telan fari fat, sai ta juyo wajen 'yarsa. "Kin ce yana shan maganin gyambon cikinsa?"

"Da hannuna nake ba shi," ta amsa.

'Yar ce ta raka shi wurin likita tun farko, ta haddace bayanin tsaf. Wasu ƙwayoyin cuta ne suka tare a cikinsa, suna fitar da sinadarin da ke cinye bangon tumbi. Maganin bismuth zai ɗaure musu hannu, su kasa ɓarnar. "Yakan baƙanta harshe da bayan gida, kada ku tsorata," in ji likitan.

Shi ya sa ranar da Baba ya sunkuyar da kai ya ce bayan gidansa ya koma kamar kwalta, dariya ta yi. "Baba, magani ne ke aiki." Kullum ta miƙa masa maganin, yakan ce, "Ajiye ruwan, bari in ƙarasa wuyan rigar nan." Haka ya yi ta ramewa, har safiyar da ya yanke jiki ya faɗi kan keken ɗinkinsa.

"Jini ya daɗe yana zuba a cikinsa, shi ya baƙanta bayan gidan," aka ce mata a asibitin, aka shige da shi, aka miƙo mata rigarsa da maɓalli ɗaya a tsinke. Gyaran wannan kaɗai ya rage a hannunta. Ta je shagonsa neman maɓalli, ta juye gwangwanin maɓallai a tafinta.

Rabinsu farare ne, ba huda ko ɗaya. Ƙwayoyin maganin ne.