Ranar Buɗe Mutum-mutumin Baba

"Ki ce masa ya yi murmushi, ga masu ɗaukar hoto," shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafar ya raɗa mini.

Na ture hannunsa daga kafaɗar mahaifina. "Murmushi? Mutumin da sai na ba shi shayi a baki? Shekara da shekaru kuna ɗinke masa goshi a gefen fili, kuna mayar da shi wasa yana jiri. Ya ci muku kofi, ya ci wa Ingila. Yanzu ƙwaƙwalwar ta tafi, ko sunana bai sani ba. Waninku ya taɓa leƙo mu?"

"Haba 'yata, ba yau ba."

"Ni ba 'yarka ba ce!"

Magoya baya suna tsaye cikin yayyafi, suna rera sunan Baba. Aka janye ƙyallen da ya rufe mutum-mutumin. Ga shi nan da tagulla, matashi, ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, goshinsa naɗe da bandeji.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya damƙi rigar shugaban.

"Kai! Ku fitar da yaron nan daga fili. Ba ku ga ya ji ciwo ba?"