Saitin da Ya San Fuska Ɗaya

Dannawa ɗaya mai hoton ta yi, saitin launin da ta ajiye a kwamfuta ya bi hotunan bikin ɗari uku ya wanke su tas. Da shi ta yi suna. Ko daga nesa aka hango hoto, an san hannunta ne.

Yayarta ta leƙo ta bayan kujera.

"Auta, aikin nan naki da son kai yake. Ango sai sheƙi yake kamar an shafe shi da zuma, amarya kuwa ta koɗe kamar ta tashi daga jinya. Haka za ki kai musu gobe?"

"Hasken ɗakin taron ne, Yaya."

"Hasken ne ya zaɓi mutum ɗaya?"

Mai hoton ta ƙura wa allon ido. Shekara huɗu ke nan da ta zauna ta haɗa saitin nan, tana ƙara ja, tana rage inuwa, har fatar saurayinta ta fito yadda zuciyarta ke ganinta. Shi ne jiya ya riƙe hannun wata a gaban kyamararta. Ashe duk wanda ta ɗauka tun lokacin, hasken angon nan take ara masa.

Ta goge saitin. Ta jawo fuskar amarya ta cika allon, ta soma daga farko.

"Zauna ki sha kallo, Yaya. Yarinyar nan kyakkyawa ce, ni ce ban kalle ta ba."