Takalman Ummi

Ƙarar cokali a cikin kofin silba ce ta tsayar da Mama a bakin ƙofa. Bayan la'asar ne, a gidanmu na Unguwar Shanu, ina 'yar shekara tara. Mama ta sa hijabi, katin asibiti na hannunta, ni kuma na sa wa ƙanwata Ummi takalmanta. Kwana uku ke nan idanun yarinyar sun koma ruwan ɗorawa.

Hajiya, kakarmu ta wajen uba, ita ke motsa jiƙon saiwa. Ta ce, "Ina zuwa haka?"

Mama ta durƙusa. "Asibiti, Hajiya. Jikin ya ƙi sauƙi."

"Shawara ce, 'yar nan, ba ta son allura. Suna tsira mata, shi ke nan. 'Ya'ya nawa na raina da wannan jiƙon?"

Duk cikin jikokinta ta fi ji da Ummi. Mama ta daɗe tana kallon katin, sannan ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ummi ba ta kai Juma'a ba. Yanzu Mama da Hajiya ma sun rasu, Allah ya jiƙansu duka ukun, ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma har yau in cokali ya bugi kofi a kicin ɗina, sai in ga kaina durƙushe ina cire wa Ummi takalman nan. Ta riƙe ɗankwalina ta ce, "Yaya, kar ki kai su nesa. Ai gobe za mu je."