Akwatin da Hachimou Ya Ƙera

Hachimou na tsaga katako, Zabeirou na tsaye a kansa yana cewa a ƙara faɗi.

"Kai mawaƙi ne, maƙogwaro gare ka, ba kunne ba," in ji Hachimou, ya tofar da ƙusar da ke bakinsa. "Akwatin lasifika muke yi ko rumbun gero?"

"Gitar bas ce, abokina. Daga ciki muryarta ke fitowa, kamar ta bijimi. Ba ta wuri ta sake."

Lokacin nan ne Libiya ta buɗe ƙofa, ana cewa Afirka duk uwa ɗaya uba ɗaya. A rediyo ke nan fa. A kan hanya kuwa, kowace bawaba, wato shingen 'yan sanda, sai ka nuna takarda, in babu a juyo da kai kamar akuyar da ta shiga gonar wani.

Hachimou kafinta ne ɗan Damagaram, yana aiki a shagon wani Balarabe, Hamed, a unguwar Abdulkafi da ke garin Sabha. Ba wanda ya koya masa gita, shi da kaset suka yi ta kokawa har ya iya. Da aka gayyaci ƙungiyar Zabeirou wasa a Tarabulus, Zabeirou ya dafa kafaɗarsa ya ce: ƙera akwatin da zai girgiza fili, kujerarka na nan a mota. Ga mutumin da ƙurar zarto ta cinye wa ƙuruciya a Sabha, wannan ita ce ƙofar fita, kuma ba wata.

Sai ya zage. Ya samo katako mai kauri, ya shafa gam a kowace gaɓa kafin ya ɗaure, don ko kafar allura ta rage, ƙara za ta riƙa zirara. Ya zo zai gitta sanda a tsakiya ta riƙe bangon, Zabeirou ya hana.

"Tana tare sauti. Bi da ita ta gefe."

"A gidan uban wa ka ga an yi haka?"

"A Agadez na gani."

Haka aka yi da ramin iska, sai da aka faɗaɗa shi har hannu na shiga. Haka aka yi da bayan akwatin: maimakon a kafe shi, aka yi masa ƙyaure da sakata, wai don gyaran waya. Gaban kuma aka rufe da baƙin yadi mai kauri. Hachimou ya yi ta zagi, amma ya yi aikin. Mai nema ba ya fushi da mai ba shi.

A tsakar gidansa aka ƙarasa, don haka kullum Zabeirou na nan bayan la'asar, yana shan shayi yana 'yan waƙe-waƙe. Rékia, matar Hachimou, ita ta ɗinka shimfiɗar audugar da aka manna a ciki don kashe kwaramniya. Har ta ninka ta biyu. Ita ba ta da takarda, ta tsallako hamada ne haka nan, kuma tun zuwanta take mitar garin nan. Da ya ce mata sai dai ta jira shi ya je ya dawo, ya shirya wa tashin hankali. "To," ta ce, ta ci gaba da ɗinki. Ya gode wa Allah da ya shirye ta.

Ranar gwaji ya taɓa igiya mafi kauri, kwanonin Rékia suka yi rawa a kan kantar ɗaki. Hamed da kansa ya zo ya ji, ya girgiza kai ya ce wannan ba akwati ba ne, aljani ne.

Ranar tafiya, ya dawo daga sallar asuba ya tarar da mota a ƙofa, Zabeirou ya riga ya naɗe akwatin da bargo ya ɗaure.

"Ina Rékia?"

"Ta leƙa maƙwabta, ba ta son kukan sallama. Kama nan."

Ya kama. Nauyi ya kusa ɓalle masa ƙugu.

"Duwatsu ka zuba?"

"Wayoyi ne da kayan ganga. A hankali dai."

Suka ɗora. Sai Zabeirou ya tuna masa makullin shagon Hamed na aljihunsa, kuma ɗan halak ba ya barin gari da amanar mutane. Hachimou ya rataya gitarsa ya ruga.

Da ya dawo, sawun taya kawai ya samu.

Ya tsaya tsakiyar titi ya zagi Zabeirou, ya zagi maƙogwaronsa, ya zagi wanda ya fara kai shi Agadez. An cuce shi gumi, an cuce shi kujera, an bar shi da gita ba baki. Ya faɗa gida yana ƙwala wa Rékia kira, ko ya samu mai taya shi tsinuwa.

Ɗakin shiru. A bayan ƙyaure, jingine da bango, ga lasifikar da ya ɗaura da hannunsa, an yanke wayoyinta. Ya tsuguna yana kallonta. Wane irin ɓarawo ne zai ɗauki kwanon ya bar tuwon?

Bintou maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, fuska cike da fara'a.

"Malam Hachimou, ashe ba ka bi su ba tukuna? Kai, Allah ya yi maka albarka. Jiya Rékia ke ba ni labari, na ce mata ba kowane miji ne zai zauna ya ƙera wa matarsa abin da za ta ɓuya ta wuce bawaba ba, har ya ɗauke ta da kansa ya sa a motar abokinsa."