Jarumin da Ba Shi da Suna

Edita ya jefa wa Haladu ambulan a tebur, ya dangwala yatsa a kan hatimin gidan waya: Wudil.

"Garinku ne. Ka nemo min marubucin nan da hotonsa kafin Litinin, ko ka nemi wani aikin."

Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya koma sayen babur da rediyo, mujallarsu kuwa ba don labaran nan ba da tuni masu ƙosai sun gaje ta. Duk wata suke zuwa, cikin ajami, ba sa hannu, takardun na ɗan tashin daddawa. Jaruminsu wani saurayi ne mai ƙaton kai, wanda ya hau jirgin ƙarfe zuwa duniyar wata, ya koya wa mutanen can cin tuwo da cokali, ya shekara bakwai bai aiko wa gida ko gaisuwa ba. Ba a taɓa faɗar sunansa ba, kullum sai "yaron nan". Malaman jami'a har taro suka kira a kan wannan hikima.

Haladu ya sauka a bakin gada da wando mai faɗin ƙafa da kyamara a wuya. Rabonsa da garin shekara bakwai ke nan, tun ana yaƙin basasa. A gida, mahaifiyarsa, Barakatu, tana jera ƙullin daddawar da za ta kai kasuwa, ba ta ko ɗago ba. Shi ne ɗan fari, ba ta kallonsa, balle ta kira sunansa.

"A ba baƙo ruwa," ta ce wa bango.

Lissafin Haladu mai sauƙi ne: mai ajami malami ne. Ya shiga bin zauruka. Malam Ya'u na ƙauyen Utai ya biyo shi da sanda. "Watan da muke dubawa mu ɗauki azumi, shi za a taka da takalmi? Fita, ɗan nema!"

A ƙauyen Darki aka ba shi rubutu ya sha, wai ko kansa zai daidaita. A gidan waya aka ce ran Juma'a ake jefa ambulan ɗin a akwati, ranar kasuwa, rabin duniya na gari, wa zai lura?

Ran Lahadi ya haɗa kayansa, yana tunanin ko kamfanin siminti na ɗaukar masu karatu. Aiki dai ya tafi.

Barakatu ta ajiye masa tsaraba a bakin ƙofa, ta ɗora ambulan a kai, ta juya tana magana da randar ruwa.

"Tunda can aka nufa, a miƙa wa mai mujallar. A wannan karon yaron nan ya dawo daga wata, kan dai bai ragu ba. Hoton kuma a dakata in ɗaura kallabi."