Ƙafafun Rabi

Har yau in na ji ƙanshin kunun tsamiya, sai gabana ya faɗi.

Ina ƴar shekara tara aka kawo ƙanwata Rabi yaye gidan kakarmu a Gangara. Kwana biyu ta ƙi cin komai, ludayi na zuwa sai ta datse baki. Ran na uku Kaka ta ce ɗura za a yi mata.

Ta kwantar da ita bisa cinya. "Riƙe mini ƙafafun nan, kada ki saki."

Na riƙe. Ta toshe mata hanci, tana zuba mata kunu da tafin hannu. Rabi tana ta shure-shure, can sai ƙafafun suka saki a hannuna.

"Kaka, ba ta motsi!"

Kaka ta kife ta, tana bubbuga bayanta tana salati. Da ƙyar tari ya fito, sannan kuka.

Yanzu in ɗana ya kau da kai daga cokali, ajiyewa nake in jira shi. Surukata cewa take ina sangarta shi. Ita ba ta taɓa riƙe ƙafafun da suka daina motsi ba.